Ni Wane, Mashayi Ne

Kafin in ce komai, ina miƙa godiya ga editan wannan mujalla tamu mai farin jini, wanda ya ba ni fili ya kuma amince ya sakaya sunana. Na san wasu 'yan ajinmu za su gane ni tun kafin su kai ƙarshen shafin farko, domin ba mu da yawa, kuma Bagwarin da ke karanta Hausa a sashen nan ba sai an yi cigiyarsa ba. To wanda ya gane, ina roƙonsa ya bar wa cikinsa. Haka kuma ina neman afuwa idan an ga na mai da namiji mace ko mace namiji a wani wuri. Hausa ba a nono na sha ta ba, a kasuwar Suleja da filin ƙwallo na tsince ta, harshenmu na Gbagyi kuwa babu ruwansa da wannan rabe-rabe na jinsi da ke ba mu wahala a jarrabawar nahawu.

Ni haifaffen Suleja ne, a wata unguwa ta bayan gari wajen hanyar Madalla, inda in ka fito ƙofar gida da safe Dutsen Zuma ne zai fara gaishe ka. Duk wanda ya ɗauki darasin tarihin Hausawa ya san garin. Sarakunan Haɓe na Zazzau da jihadi ya taso su ne suka gangaro kudu, Abu Ja ya kafa garin a 1828 aka kira shi Abuja, bayan 1976 kuma aka ba wa sabon babban birnin tarayya sunan, garin ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Abin da ba a koya mana a aji shi ne, yau Suleja ita ce ɗakin kwanan duk wanda kuɗin hayar Abuja ya fi ƙarfinsa. Tun asuba motoci ke kwashe jama'a, magina da masu gadi da ƙananan ma'aikata, da magariba kuma a dawo da su a gajiye liƙis, aljihu babu nauyi. Da yawa daga cikinsu ba gida suke fara nufa ba. A rumfar mahaifiyata wasunsu ke yada zango.

Mahaifiyata burkutu take dafawa. Na daɗe ina ɓoye wannan magana a makaranta, in an tambaye ni sana'arta sai in ce tana sayar da hatsi, wanda ba ƙarya ba ce ƙwarai, tun da dawa ce jarinta. Tun ina ƙarami na san aikin kamar yadda ɗan maƙeri ya san zuga-zugi. A jiƙa dawa, a shanya ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a busar, a kai inji, a dama, a dafa a manyan tukwane, a tace, a sake dafawa, sannan a bar ta ta kwana ta tashi. Itacen dafuwar kuwa a kafaɗa take ɗauko shi, kamar yadda matanmu suka gada. Da kuɗin ƙwaryar burkutu aka saya mini littafin farko, da shi aka biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare, da shi na zo jami'a. Mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare. Saboda haka duk abin da zan faɗa nan gaba, kada mai karatu ya ɗauka ina ɗora wa wannan baiwar Allah laifi.

A gidanmu ba a ɗauki burkutu abin kunya ba. Ana sha a gona ranar gayya, ana sha a biki, ana sha a zaman makoki. Yara ma akan ɗan ɗiba musu mai zaƙin nan da ba ta riga ta tashi ba. Da jihar Neja ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, aka tsaurara dokar sayar da giya, sai rumfuna irin tamu suka ƙara matsawa bayan gida, amma tukunya ba ta huce ba. Ko a ƙarshen 2023 sai da jaridu suka ɗauki labarin wai za a hana sayar da giya a Suleja daga Janairun 2024, mahaifiyata ta kwana biyu ba barci, daga baya Gwamna Umaru Bago ya fito ya ƙaryata.

Ni dai ba burkutu ce ta kayar da ni ba. Burkutu tana cika ciki, tana da wari, kuma sai an zauna an sha ta a gaban mutane. Giyar leda ce ta gama da ni, 'yar ƙaramar nan mai zafi da ake ratayawa a kanti kamar ledar omo. Kuɗinta bai kai na biredi ba, tana shiga aljihun riga, kuma kafin ka ƙirga uku ka tsotse ta ka yar da shaida. Ba banza hukumar NAFDAC ta sa mata ido ba. Tun 2018 aka yi yarjejeniya da masu kamfanoni cewa za a daina ƙulla giya a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba, aka ba su shekara 5. A Fabrairun 2024 hukumar ta ce ta fara aiwatarwa, masu kamfanoni da ma'aikatansu suka yi ca, aka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen 2025. Ni kam a cikin wancan wa'adi na farko na yi digirina na shaye-shaye, tun kafin in yi rabin na Hausa.

Akwai ranar da ba zan manta ba a aji biyu. Malaminmu na rubutacciyar waƙa ya kawo mana Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja, ya ce a fito da jigo da salo. Ni ya nuna in fara. Na miƙe na yi bayani tiryan-tiryan a kan munin giya da yadda take zubar da mutunci, har malam ya ce a tafa wa Bagwari, ya fi 'ya'yan gida. Alhali a lokacin akwai leda biyu a aljihuna, ɗaya kuma tana cikina tun ƙarfe bakwai, na bi ta da cingam mai ƙamshi. Na zauna ana tafi, ni kuwa lissafin da nake yi shi ne minti nawa ya rage in zagaya bayan ɗakin karatu.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 shi ya ƙarasa ni. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur, ina zaune a gida ba aiki ba karatu. Da farko da yamma nake sha, sai ya koma da rana, sai ya zamana in ban sha da safe ba hannuna ba ya iya riƙe cokali. Da aka koma makaranta jikina ne kawai ya koma. Na kwashi kariyoba har huɗu, abokan shigata suka wuce suka bar ni. Amma duk wannan bai girgiza ni ba, kullum ina da wanda zan ɗora wa laifi, in ba gwamnati ba to malamai. Sai a damunar 2023, da mahaifiyata ta kwashi adashinta ta damƙa mini kuɗin rijista a ƙulle a bakin zane. Ban kai tasha da su ba. Kwana 9 na yi ina yawo tsakanin Madalla da Gauraka, ranar na goma wani ɗan acaɓa ya tsince ni a bakin kwata da asuba, takalmi ɗaya, ba waya. Ya san ni a unguwa, ya ɗora ni a babur ya kai ni gida. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Ruwan wanka ta ɗora mini, ta koma bakin murhu ta juya mini baya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar na rantse na bar giya, kuma na bar ta a tsaye, lokaci guda, ni kaɗai a ɗaki. Ina roƙon duk mai karanta wannan da ya daɗe yana sha kullum, kada ya kwaikwaye ni. Daren farko gumi da amai da karkarwa. Rana ta biyu, in ji ƙanwata, na faɗi ina shure-shure kamar mai farfaɗiya har na ciji harshena. A rana ta uku ina ganin ƙadangaru suna sauka daga silin suna shiga rigata, ina ihu ina kakkaɓewa. Maƙwabta suka ce iska ce. A asibiti aka ɗaura mini ruwa, aka yi mini allurai, na kwana 6. Likitan da ya sallame ni ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk da na tashi a gidan giya. Ya ce giya tana danne ƙwaƙwalwa, in aka daɗe sai ƙwaƙwalwar ta saba da yunƙurawa don ta rinjayi dannewar, to ranar da aka janye giyar kwatsam sai yunƙurin ya yi yawa, kamar mai tura ƙofa da ƙarfi aka buɗe masa ba zato. Ya ce karkarwa kan fara cikin awoyi kaɗan, ruɗewa da gane-gane kuma daga kwana 2 zuwa 4, kuma wannan kan kashe mutum in ba a kula ba.

Bayan sallama aka yi taron dangi a kaina. Kawuna ya kawo shawarar a kai ni wani gidan horo inda ake sa wa kangararru mari, ya ce ya san wanda aka kai ya dawo kamar rago. Wata gwaggona ta ce gidan addu'a za a kai ni a yi azumin kwana bakwai. Mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba amma ba ta rabuwa da rediyo, ta tuna musu abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida, wasu da sarƙa a ƙafa. Ta ce ɗanta ba zai sa mari ba tana raye. Aka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, wanda ke da sashen masu shaye-shaye, amma kuɗin da za a yi jinyar da su ai ni na shanye su. Taro ya watse ba a tsai da komai ba.

Wata nas ce, dattijuwa, ta ba ni bakin zaren. Ranar da na koma a duba ni ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, mu mun wanke maka jini, amma ba mu wanke maka ƙishirwar ba. Akwai wasu mutane da ke taruwa a Abuja, duk irinka ne. Ka neme su." Ta rubuta mini haruffa biyu a bayan katin asibiti: AA.

Nemansu ya ci mini mako uku. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ba su faɗi yadda mutum zai yi tambayar da ke tona masa asiri ba. Wa zan tsayar a kasuwar IBB in ce masa don Allah ina mashaya ke taro? Ai sai ya nuna mini gidanmu. Na tambayi wani mai kemis a kaikaice, na ce wani abokina ne, ya kawo mini maganin ƙarin jini. Na tambayi wani dattijo a cocinmu, ya ce in zo gaba ranar Lahadi in ba da shaida a gaban jama'a. Daga ƙarshe da wayar ƙanwata na shiga intanet. Lamba ta farko a kashe, ta biyu ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na samu tarurrukan da ake yi ta Zoom, waɗanda suka yawaita tun zamanin korona a 2020, na shiga ɗaya, sai ga Turawa suna magana ta hanci, kafin in gane inda aka dosa data ta ƙare. A lamba ta uku ne wani mutum mai kakkausar murya ya ɗauka. Bai tambaye ni sunan mahaifina ko addinina ba. Cewa ya yi, "Yau ka sha?" Na ce a'a. Ya ce, "Madalla. Ka zo ranar Asabar ƙarfe huɗu."

A nan bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin su wane ne waɗannan mutane. Cikakken sunan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashaya masu sakaya suna. A garin Akron na jihar Ohayo ta Amurka ta samo asali a 1935, lokacin da wani ɗan kasuwar hannun jari, Bill Wilson, ya je garin harkar ciniki, cinikin ya rushe, ƙishirwar giya ta taso masa. Maimakon ya shiga mashaya sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayin ya yi magana da shi, aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Bob Smith. Abin da suka gano shi ne mashayi ya fi jin maganar mashayi ɗan'uwansa, kuma shi mai ba da labarin ma yana samun sauƙi. A 1939 suka fitar da littafinsu mai ɗauke da matakai 12. Ba a yankar kati, ba a biyan kuɗin shiga, babu shugaba mai ba da umarni, sharaɗin kawai mutum ya kasance yana son ya daina sha.

Ranar Asabar na hau mota daga Suleja, muka bi ta Madalla da Zuba muka hau babban titin Kubwa. An cire tallafin mai tun 29 ga Mayun shekarar, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ƙanwata ce ta ranta mini. Ajin yara ne a harabar wani coci, an jera kujerun roba a da'ira. Sau biyu ina wuce ƙofar kamar mai neman wani wuri. Ni a zatona zan tarar da irin mutanen da na saba gani a kwance a bayan rumfarmu. Sai na ga mutum 11, har da mai kwat da makullin mota a hannu, da wani tsohon soja, da mace guda ɗaya, da wani dattijo mai furfura da carbi a aljihu, wanda daga jin gaisuwarsa na gane shi ne mai kakkausar murya. Tsohon direban tanka ne, ya yi shekaru yana lodi a defon mai na Suleja. Baba Direba zan kira shi a nan.

Tsarin zaman ya ba ni mamaki, domin bai yi kama da kowane taro da na sani ba. A taron dangi babba ke magana yaro ya sunkuyar da kai. A coci da masallaci mutum ɗaya ke wa'azi. A nan kuwa kowa zai faɗi sunansa na yanka kawai, ya ce shi mashayi ne, sauran su amsa masa da gaisuwa, sannan ya faɗi abin da ke ransa na 'yan mintoci. Ba mai katse shi, ba mai ce masa ai da ka yi kaza, in ya gama a ce an gode, na gaba ya ɗauka. Mai kwat ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a tankin bayan gida, aka fashe da dariya har da shi. Ni ban yi dariya ba, sanyi ne ya kama ni, domin ni a cikin buhun dawar mahaifiyata nake ɓoye tawa, kuma na ɗauka duk duniya ni kaɗai na kai wannan lalacewa. Da layi ya zo kaina na faɗi sunana, sauran kalmar ta maƙale. Baba Direba ya ce da Hausa, "Bar shi, ɗana. Ka ji kawai." Aka zagaya da wani ɗan kwando, mai naira ɗari ya sa, marar ko sisi ya miƙa gaba. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce kada in yi wa kowa alkawarin shekara ko wata, in riƙe yau kaɗai, gobe in ta zo ita ma yau ce.

Na ci gaba da zuwa, amma kada a ɗauka daga nan komai ya miƙe. Kwana 94 na yi garau, sai Kirsimeti ta zo, gida ya cika da baƙi, wani ɗan'uwa ya miƙo mini ƙwarya ya ce ko na fi ƙarfin abincin kakannina ne tun da na shiga jami'a? Na karɓa. Kafin sabuwar shekara na koma 'yar gidan jiya. Mako biyu ina ƙin ɗaukar wayar Baba Direba, ranar da na ɗauka ina jiran faɗa, sai ya ce, "Ni sau huɗu na faɗi. Kujerarka tana nan." Akwai kuma abubuwan da har yau ban gamsu da su ba. Wasu tsofaffin zuwa kan yi taƙama da yawan shekarunsu kamar masu galan a kafaɗa. Matar nan guda ɗaya ta daina zuwa, kuma ban yi mamaki ba, domin abin da mace za ta faɗa a gaban maza goma yana da iyaka. Sannan zama ba ya maye gurbin likita, wanda jikinsa ke karkarwa asibiti zai fara zuwa. Duk da haka, da na bincika na tarar masana sun auna abin. A 2020 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565, aka ga wannan hanya tana kai mutane ga barin giya gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin ba da shawara na ƙwararru, wani lokaci ma fiye. Sai dai galibin binciken a Amurka aka yi shi, inda ba sai mutum ya ranci kuɗin mota ba kafin ya je taro.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ga wannan labari ya dace da mujallar ɗaliban harshe. Mai karatu bai manta da ɗan acaɓan da ya tsince ni a kwata ba. Wata rana a farkon 2024 ya ɗauko ni daga tasha, muna cikin tafiya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ɗan makaranta, wai wane magani aka ba ka?" Ashe abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Shi Bahaushe ne, Musulmi, ɗan cikin gari, da mata da 'ya'ya uku. A wurinsa abin ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba, domin ni in an gan ni da ƙwarya a ce yaro ya lalace, shi kuwa in aka gan shi har auren 'ya'yansa sai abin ya shafa. Na ce ya biyo ni ranar Asabar. Da ya ji a harabar coci ne ya ce ko kusa, in wani ya gan shi yana shiga me zai ce? Ga shi kuma da Turanci ake zaman, shi kuwa iyakarsa Turancin karɓar kuɗin fasinja.

Na kai wa Baba Direba maganar. Ya ce ai mashayi biyu in sun zauna don su taimaki juna taro ya ƙullu, haka na farkon ma suka fara. Wani tela da Baba ya sani, shi ma ɗan hannu ne, ya ba mu shagonsa bayan sallar isha'i ranar Laraba. Aka ce ni ne ɗan jami'a mai karanta Hausa, don haka ni zan juya abin da ake karantawa. Na karɓa da ƙafafa, ina ganin wanda ya ci darasin fassara da maki mai kyau wannan ba zai gagare shi ba.

Tun a kalmar farko na ci tuntuɓe. A Turanci kalmar da mutum ke kiran kansa da ita a zaman tana da ƙamshin asibiti, kamar ka ce mai ciwon suga. Mu kuwa me muke da shi? Mashayi zagi ne. Ɗan giya ya fi muni. Bugagge wanda ya sha yanzu ne. Na gwada "mai fama da jarabar giya", ɗan acaɓa ya ce wannan ai kowa ma zai iya faɗa, ba ta da zafi, kamar ana ba da labarin wani. Na gwada "mai cutar shan giya", tela ya ce in cuta ce to ba laifinsa ke nan, shi kuwa ya san abin da ya yi wa iyalinsa. Muka kwashe dare guda a kan kalma ɗaya, abin da ko a ajin ilimin ma'ana ban taɓa gani ba. Haka muka sha fama da sunan halin da mutum ke ciki bayan ya daina. Tuba ta addini ce, kuma tubabbe ana sa ran ya gama, mu kuwa ba mu gama ba. Warkewa ta yi alkawarin da ba mai iya cikawa. Muka tsaya a kan "garau", wadda ake faɗa wa ruwan da ya kwanta da kuma mutumin da ya tashi daga ciwo. Wanda ke riƙe da hannun sabon zuwa, irin abin da Baba ya zame mini, na so a ce uban gida, aka ƙi, wai da ƙamshin bara da siyasa. Baba ya ce a harkar tanka in sabon direba zai bi hanyar da bai sani ba, akan haɗa shi da wanda ya riga shi bin ta. Sai muka ce "na gaba".

Inda na fi jin tsoro shi ne maganar Ubangiji, domin matakan suna ambaton miƙa lamari ga wani iko da ya fi na mutum, an kuma bar wa kowa yadda ya fahimce shi. A garin da bam ya tashi a cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011, ba a wasa da irin wannan zance tsakanin Kirista da Musulmi. Amma a nan Hausa ta yi mana rana. Allah nake cewa a coci in ana wa'azi da Hausa, Allah suke cewa a masallaci. Muka yi shiru na minti ɗaya a farkon zama, kowa ya yi addu'arsa a zuci, ba wanda ya ja wani.

Kalmar farkon nan kuwa ɗan acaɓa ne ya yanke hukunci a mako na uku. Ya ce shekara 12 yana tsoron ranar da wani zai nuna shi ya ce mashayi, to gara ya riga kowa faɗa. Ya gyara zama a kan bencin tela, ya cire hular sanyinsa, ya faɗi sunansa, ya ce, "Ni mashayi ne." Muryarsa na rawa. Muka amsa, "Sannu da zuwa." Ni da na kasa furta ta da Turanci a Abuja sai da na yi wata guda, a daren na faɗe ta da Hausa, na kuma ji ta fi ciwo nesa. Ban ba kaina maki a wannan fassara ba, don ba ni na yi ta ba.

Yanzu mu shida ne, wani lokaci huɗu. Wani magini da ya yi wata biyar tare da mu ya daina zuwa tun bayan sallar layya, an ce an gan shi a Gauraka, har yau tela yana ajiye masa gurbinsa a bakin keken ɗinki. In ina makaranta nakan kira su ranar Laraba a sa wayar a tsakiya, in da caji. Na biya kariyoba uku, saura ɗaya. Mahaifiyata tana nan tana dafa burkutunta, domin akwai ƙannena biyu a sakandare, kuma ban isa in ce ta bari ba alhali ban fara kawo ko ƙwandala ba. Abin da ya canja shi ne ta mai da tukwanen can ƙarshen gida, kuma duk ranar da za ta tace takan aike ni kasuwa tun safe da dogon saƙon da ba ya ƙarewa sai yamma. Ba mu taɓa zancen ba. Da na zo hutun da ya wuce, ranar Laraba da daddare ina neman takalmina, sai ta miƙo mini jarkar kunun zaƙi mai ɗumi da kofuna shida a leda, ta ce da harshenmu in kai wa mutanena, amma in dawo mata da jarkar.